Na Sayar da Yashi da Sunan Coci

Ba zan faɗi sunana ba, amma kada ku ɗauka tsoro ne. Duk mai cin kasuwar Rano ko ta Kibiya ya san fuskata, ya kuma san abin da na aikata, kuma ban taɓa sauya hanya don gudun haɗuwa da kowa ba. Mahaifiyata ce ta roƙe ni in bar sunan gidanmu ya huta, na ce to. Ku matasa nake yi wa magana, musamman masu ganin sun fi kowa wayo, domin ni ma haka na ɗauki kaina.

An haife ni a wani ɗan ƙauye da ke bayan Rurum. Mu Hausawa ne Kirista tun kakanni, gidaje kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kuma ban tashi na ga wata rigima tsakaninmu ba. Babana manomi ne, kuma dattijo a ƙaramar majami'armu ta laka mai rufin kwano. Ba shi da yawan magana. In an yi rikicin iyakar gona, shi da limamin garin ake kira su taka wurin. Na gama sakandare a Rano, ina cikin mawaƙan coci, ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ba ni uzuri da talauci. Ba talauci ba ne. Son banza ne.

Da na ƙi noma, sai aka sama mini aiki a Kano, a shagon wani mai sayar da takin zamani da iri da maganin feshi. Aikina in sauke buhuna, in ɗinke waɗanda suka fashe, in share shago. Da shara na fara. Takin da ya zube a ƙasa nakan tara shi a leda in sayar wa masu lambu, na ce ai ba na kowa ba ne. Da na ga zubewar ba ta isa ba, sai na riƙa taimaka mata da bakin basilla. Gwangwani ɗaya daga wannan buhu, ɗaya daga wancan.

Akwai wani da muke dako tare, Tanko, ya girme ni da kusan shekara goma. Wata rana ya kama ni ina yi. Na zaci zai kai ni gaba, sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro ne. In ka ɗiba ba ka mayar ba, nauyi zai tona ka. Zuba yashi." Na ce ai wannan cuta ce. Ya ce, "Ƙasa za a kai wa, ƙasa muka ƙara. Ina laifin?" Na yi dariya. Wannan dariyar ita ce ta kai ni gidan yari.

A lokacin ina zuwa wata babbar coci a Sabon Gari, saboda Baba ya haɗa ni da Allah kada in bar sujada. Ban taɓa ganin irinta ba. A benci ɗaya za ka ga Bayarabe da Inyamuri da Bakatafe da mutumin Tangale da Bahaushe, ga mai babbar mota kusa da mai tura baro. A yi waƙa da wannan harshe, a koma wancan, wanda bai iya ba ya yi tafi. Faston yakan ce ba a ajiye su a birnin nan don su yi wa kansu hidima ba. Suna zuwa asibiti, suna zuwa gidan yari, suna kai likitoci ƙauyuka, kuma ba su tambayar mutum addininsa kafin su duba shi. A kan allon da ke bakin ƙofa an rubuta cewa ƙofar a buɗe take ga kowa. Nakan wuce ta gabansa kowace Lahadi da kuɗin sata a aljihu.

Wata shekara mutanen cocin suka haƙa rijiyar burtsatse a wata unguwa kusa da Fassi, inda mata ke tafiya mai nisa neman ruwa da rani. Babu Kirista ko ɗaya a unguwar. Da yake ni ɗan yankin ne, sai aka tafi da ni in nuna hanya, in gabatar da su ga dattawa. Aka ba ni riga mai sunan cocin a gaba da baya. A can na san Malam Idi, ƙanin mai unguwa, wanda ya sauke mu a zaurensa. Ranar da ruwa ya fito, shi ya fara tara hannu ya sha, ya yi ta sa musu albarka.

Ba a daɗe ba maigidana ya gane buhunansa ba lafiya, ya kore mu ni da Tanko. Maimakon in koma gida, sai muka kama wani ɗaki a bayan gari. Muka sayi tsofaffin buhunan taki, muka sayi na gaske kaɗan, muka riƙa cakuɗawa da yashi da toka da dakakken farin dutse. Mu zuba na ƙwarai a sama, in ɗinke bakin yadda ko mai kamfanin ba zai gane ba. Abin da ya rage shi ne wa zai saya. A kasuwa dillalai sun san taki, za su soka hannu har ƙasa. Ba Tanko ne ya kawo shawarar ba, kada in ɗora masa. Ni ne na buɗe jakata na fito da rigar cocin nan.

Farkon damina na sa ta, muka ɗauki shatar mota muka nufi unguwar. Na ce wa Malam Idi mutanen coci ne suka aiko ni, sun samo taki da rahusa don manoma, ba riba suke nema ba. Ya sa aka dama mini fura, aka yanka mini kaza. Wani saurayi ya ce a buɗe buhu ɗaya a zazzage a gani. Malam Idi ya tsawata masa ya ce, "Ka ji kunya. Mutanen da suka ba mu ruwa ne za su ba mu guba?" Ina zaune ina jin wannan, cinyar kaza na hannuna. Wasu suka sayar da awaki, wasu suka sayar da hatsin da suka ajiye don cin damina. Kafin la'asar motar ta koma ba komai a cikinta.

Masara ba ta iya ƙarya. Gonakin maƙwabtan garuruwa suka yi kore shar, na mutanen unguwar suka yi rawaya, suka tsumbure, ga shi lokacin zuba taki ya wuce. Malam Idi ya ɗauki ragowar buhunsa ya juye a bokitin ruwa a gaban jama'a. Takin gaske kan narke. Wannan kuwa ya kwanta a ƙasan bokitin.

Ba sunana aka kama ba, sunan coci aka kama. Maganar ta shiga kasuwanni cewa Kiristoci sun yaudari Musulmi da rijiya don su kashe musu noma. Wata ranar kasuwa da hantsi samari suka cika babura suka nufi ƙauyenmu, don sun ji a nan aka haife ni. Mata suka kwashe yara suka shige cikin dawa. Babana ya ɗauko kujerarsa ya zauna a ƙofar majami'a. Limamin garinmu ya zo ya tsaya kusa da shi, maƙwabta suka biyo baya. Baba ya ce wa samarin, "Ba coci ba ce, ba mutanen nan ba ne. Ɗana ne. Ku ba ni kwana biyu, ni zan kai hukuma inda yake."

Ya cika alkawari. Washegari da azahar suka iso, ina tsugune ina ɗinke wani buhu. Tanko ya hango motar ya haura katanga. Na ɗaga kai na ga Baba a bakin ƙofa da 'yan sanda biyu a bayansa. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ajiye allurar, ka miƙa hannunka."

Alƙali ya ba ni shekara uku.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gabza da ƙazuwa da kwana a gefe ɗaya don rashin wuri ba. Duk abin da kuka ji game da gidan yari, ya fi haka. Abin da ya fi ci na shi ne zuciya. Na shiga ina fushi da kowa ban da kaina. Baba ya zo ganina sau ɗaya, ya sha rana a layi, na aika a ce masa wanda ya kai ɗansa ga 'yan sanda ba shi da ɗa a nan.

Mutanen cocin suna zuwa gidan yarin duk wata, su raba sabulu da garin kwaki da man ƙaiƙayi ga kowa, Musulmi da Kirista. In na ji sun zo sai in shige lungu in rufe kaina da bargo. A zuwa na uku gandiroba ya ce wata mata na kirana da sunana. Mama Ngozi ce, shugabar zumuntar mata, mai sayar da yadi, haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi ta wasu Hausawa. Ban iya kallon ta ba.

Ta ce, "Ɗaga kanka, ɗana. Ka san abin da ka jawo mana?" Ta ce garuruwa uku sun mayar da motar likitocinsu, akwai masu jiran aikin ido da ba a yi musu ba. Ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Da ta gama sai ta turo mini leda. Na ce, "Mama, in kin zo ne ki ga yadda na lalace, kin gani." Ta ce, "Da kallo na zo yi da ban ɗauko sabulu ba. Kai namu ne. Kana sata ma namu ne, mu ne ba mu lura da kai ba. Wata mai zuwa zan dawo, ko ka fito ko kada ka fito."

Ta dawo. Wani watan da wani Bayarabe malamin makaranta, wani watan da wata nas 'yar Filato. Ba wanda ya taɓa ce mini abin da na yi ƙarami ne, ba kuma wanda ya ce mini na gama yawo.

A shekara ta biyu ta zo ba ranar ziyara ba, tare da Fasto. Da na ga su biyu na san ba lafiya. Baba ya rasu. Sun je jana'izar, suka tarar Musulmin da suka zo ta'aziyya sun fi Kiristan yawa. Mahaifiyata ta ba su saƙon da ya bari. Ba gafara ya aiko mini ba, ba kuma tsinuwa ba. Cewa ya yi, "In ya fito, ya koma ya kalli mutanen nan ido da ido." Na zauna a ƙasa a gaban gandirobobi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke mini hukunci. A ranar na daina cewa Tanko ne, na daina cewa Baba ne. Na durƙusa na faɗa wa Allah abin da na yi da sunansa na gaskiya, sata da zamba da cin amana.

Da aka sake ni, Mama Ngozi ce ke jira a bakin ƙofa. Ranar Lahadi Fasto ya sa na tsaya a gaban jama'a na ba da labarin da bakina, ana fassarawa da Turanci. Ban gama ba wasu suka tashi suka fita. Wani dattijo, tsohon soja, wanda kowa ke kira Baba Soja, ya miƙe ya ce shi bai yarda a karɓe ni ba. Ya ce, "Wannan ya kusa sa a ƙone mutane. Yau ya yi hawaye mu buɗe masa ƙofa, gobe wa zai sayar da sunanmu?" Gaskiya ya faɗa, kuma mutane da yawa sun gyaɗa kai.

Fasto ya bari ya gama, sannan ya ce, "Baba, ban ce a ba shi makulli ba. Ba zai riƙe komai na coci ba, ba zai yi magana da sunanmu a ko'ina ba. Amma in za mu hana shi benci, to a kawo tsani yanzu mu sauke allon da ke waje, don ƙarya muka rubuta." Ba wanda ya je ɗauko tsani. Aka ba ni bencin baya.

Bayan an tashi wani mai kirki ya ja ni gefe ya ce yana da ɗan'uwa a Jos, zai sama mini aiki inda ba wanda ya san ni. Na yi godiya na ce a'a. Na ce, "Ban yi sata a Jos ba. Inda na zubar da mutuncina, can zan je in tsince shi, ko in mutu ina nema." Mahaifiyata ma ta roƙe ni kada in je, ta ce za a kashe ni. Na ce mata saƙon Baba ne.

Muka tafi wata safiyar Asabar, ni da Fasto da Mama Ngozi. Wanda ya tuƙa mu Baba Soja ne. Ya ce ba don ni ya zo ba, ba zai bar Fasto ya shiga wurin shi kaɗai ba ne.

Aka taru a gindin tsamiya a ƙofar gidan mai unguwa. Malam Idi ya rame, gemunsa ya yi fari. Na cire takalmi na durƙusa na faɗi komai: cewa cocin ba ta san komai ba, cewa ni na sa rigar, ni na ɗinke buhunan. Wani saurayi ya taso da sanda, Baba Soja ya shiga tsakani ba tare da ya ɗaga hannu ba, mai unguwa ya tsawatar. Sai Malam Idi ya yi magana. Ya ce a waccan shekarar ya sayar da shanun huɗarsa don ya ciyar da gida. Ya ce babban ɗansa ya bar makaranta ya tafi Kudu neman abinci, har yau bai dawo ba. Ya ce abin da ya fi masa ciwo shi ne da bakinsa ya hana a zazzage buhun.

Ya dubi Fasto ya ce, "Ku mun gane ba ku da laifi. Ruwanku muke sha har gobe, ku dawo da likitocinku." Sannan ya dube ni ya ce, "Kai kuwa ban yafe ba. Kada in yi maka ƙarya a gaban mutane."

Na ce, "Malam, ban zo karɓar gafara ba, don ba bashinta nake bin ka ba. Ba ni da shanu da zan ba ka. Ina da hannu biyu." Sai ya aika cikin gida aka fito da garma, ya jefo ta gabana.

Damina uku ke nan ina noma a unguwar, kwana uku a mako a gonakin waɗanda na cuta, sauran a gonar da Baba ya bari. Hannuna ya fashe ya warke ya yi kanta. Ana kirana Mai Yashi, har a kasuwa, kuma ina amsawa. Wasu ba su karɓar gaisuwata. Wasu daga cikin 'yan'uwana Kirista ma cewa suke wasan kwaikwayo nake yi, ɓarawo ba ya tuba sai dai ya huta. Su faɗi abin da suka ga dama. Ba su ne suka tsamo ni ba, ba su ne za su mayar da ni ba.

Bara Tanko ya neme ni, ya zo da babur sabo fil, ya ce yanzu harkar maganin feshi ake yi, ruwa da kala kawai. Ya ce, "Ka zama bawan ƙauyawa, kai da ke da hannun ɗinki?" Na ce masa ya hau babur ɗinsa, kuma ya sani daga nan wurin hukuma zan wuce. Ya ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne.

Duk Lahadin ƙarshen wata nakan shiga mota in je Sabon Gari. Har yanzu a bencin baya nake zama, yanzu da zaɓina. Baba Soja yakan matsa mini wuri. In za a je gidan yari ni ke ɗaukar buhun garin kwaki, kuma in na ga wani ya shige lungu ya rufa da bargo, na san abin da zan ce masa. Malam Idi bai furta kalmar yafiya ba har yau. Amma a kakar da ta wuce ya daina aiko mini da abinci a kwano dabam, ya ce in matso mu ci tare. Ban tambaye shi ma'anar hakan ba.

To, ku saurara, ƙannena. Ba wanda ke fara sata da buhu. Da abin da ka ce ba na kowa ba ne ake farawa, kuma ranar da aka faɗa maka mugun abu ka yi dariya maimakon ka tashi, ranar ka shiga. Kada ka taɓa sa rigar mutanen kirki ka je cuta da ita, ko ta coci ce ko ta masallaci ko sunan ubanka, domin in wutar ta tashi ba kai kaɗai za ta ci ba, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. In mahaifinka ya zo ganinka, ko a ina kake, ka fito. Ni ban fito ba, kuma babu noman da zai gyara wannan.

In kuwa ka riga ka faɗa, kada ka yarda da mai ce maka ka ƙare, kada kuma ka yarda da mai ce maka ba komai. Dukansu ƙarya suke yi. Nemi mutanen da za su faɗa maka gaskiya su kuma bar maka ƙofa a buɗe, akwai su, na gan su da idona. Sannan ka koma inda ka yi ɓarnar, da rana tsaka, ka faɗa da bakinka. Za a zage ka, wataƙila ba za a yafe ba. Ka tsaya.

Gobe da sassafe ina da maimai a gonar Malam Idi, wadda ke gabas da rijiya. Duk mai sauran zagi a bakinsa ya same ni a can, ba zan gudu ba. Amma ya taho da fartanyarsa, don ciyawar na da yawa.